Ranar Aro

Asabar, saura mako biyu a buɗe zango

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, da fatan kina lafiya, da gwiwar nan da aka ce tana damunki. Mama na gaishe ki, tana kuma gaida 'yarki, Yaya Nas. Mu nan sai godiya.

Mama ce ta matsa mini in rubuto. Ta ce ba kya ɗaukar maganar aiki a waya, sai a takarda. Na ɗan sha yawo kafin in samu ambulan, don na manta rabon da in ga mai sayar da ita.

Albishirinki. An ɗauke ni aiki a ofishin tsara jadawalin darussa, a jami'ar da kika yi wa shekara ashirin da tara. Ofishinki na da, har da kujerarki, sai dai na sa an canza ta don tana kuka. Gwaji ne na zango ɗaya. Magatakarda ya ce in jadawalin ya kai ƙarshen zango ba tare da matsala ba zai sa hannu a tabbatar da ni, in kuwa an samu tangarɗa akwai masu jira a layi. Ban damu ba ko kaɗan.

Da na shiga na tarar da katon allon nan naki mai ƙusoshi da katuna masu launi. Na yi dariya har masinja ya leƙo. Na sa an kai shi sito, tare da kabad ɗin ƙarfen da ke cike da tsofaffin fayil. Yanzu ɗakin ya yi fili, mutum na iya numfashi.

Bari in ɗan yi miki bayanin yadda ake yi yanzu, a sauƙaƙe. Akwai manhajar kalanda a kwamfuta. Darasi sau ɗaya ake shigar da shi, a ce masa ya riƙa maimaita kansa duk mako har ƙarshen zango. Daga nan na ɗora jerin ranakun hutu a kai, duk inda darasi ya faɗa kan hutu sai in goge na wannan ranar kaɗai, sauran su tsaya. Kowane malami da ɗalibi zai gani a wayarsa. Darussa ɗari huɗu da goma sha biyu, kwana uku na yi na gama. Tsofaffin ofis sun ce ke mako shida kike ɗauka, har kina cin abinci a tsaye. Wallahi na tausaya miki da na ji.

Ba wata shawara nake nema ba, na dai ga ya dace ki san cewa aikin ya faɗa hannun ɗan gida.

Ɗanki.

*

Talata, saura mako ɗaya

Sarkin Sauri,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso. Gwiwa tana nan inda Allah ya ajiye ta, tana kai ni kasuwa tana dawo da ni, tana hawa da ni bene hawa uku. Ka gaida uwarka.

Na ga ka sa hannu da "ɗanki". Kakanka da mahaifina uba ɗaya suke, wannan ita ce dangantakar, sai an zauna an ƙirga ta da yatsu. Shekara goma sha ɗaya rabon da in ga ƙeyarka. Amma ban manta ranar da ka fito da gudu za ka riga kowa shiga mota, takalmin dama a ƙafar hagu, ka kifa a bakin ƙofa ba. Ni na raɗa maka wannan sunan ran nan, kuma na ga har yanzu yana yi maka daidai.

Ka tausaya mini. Na gode, na ajiye tausayin a kan fridji. Kujerar da ka ce tana kuka, shekara ashirin da tara tana ɗauke da wadda ba a taɓa soke wa jarrabawa ko ɗaya ba. Allon da ya ba ka dariya kuwa, farfesoshin da kake rusuna wa yanzu a gabansa suke tsayawa hannu a baya kamar 'yan firamare, suna roƙon in matsar musu da kati ɗaya.

Mako shidan da kake wa gori, ba liƙa katuna nake yi ba. Liƙa katuna wuni biyu ne, ko ɗan akuya aka koya wa zai iya. Ƙirga nake yi. Zango mako goma sha huɗu ne, a cire makon hutun tsakiya, saura sha uku. Dokar jami'a ta ce kowane darasi sai an zauna masa sau goma sha biyu kafin a yi masa jarrabawa. Ban san ko manhajarka ta karanta dokar ba.

Ka ce shawara ba ka nema, ni ma ba rabawa nake yi ba. Amma saboda yaran mutane da za su zauna a azuzuwan nan, ga abu uku. Ka ƙirga Litinin ɗinka. Ban ce ka duba su ba, na ce ka ƙirga su, da yatsa a kan kalanda. Na biyu, akwai hutun da ya faɗa ranar Lahadi bana, ka tambayi manhajarka inda zai sauka. Na uku, in ka ga Litinin ta gaza, sai ka mayar da Laraba ɗaya Litinin. Haka nake yi.

Bayani ba zan yi ba. Wanda ya gama aikin mako shida a kwana uku ai layi uku ba za su gagare shi ba.

Gwaggon da ka tuna da ita bana.

*

Lahadi, gobe za a buɗe zango

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Da fatan jiki da sauƙi, kuma kina samun barci isasshe.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kada ki damu da Litinin. Hutu biyu ne suka faɗa a kanta, na goge su tsaf, manhaja ba ta nuna jan alama ko ɗaya ba. Da akwai matsala da ta faɗa, aikinta ke nan. Hutun Lahadi kuma, Gwaggo, ba a karatu ranar Lahadi, don haka babu abin da za a goge.

Abu na ukun nan ne ya tsaya mini a rai. Laraba Laraba ce, Litinin kuma Litinin. Ba ni da ikon canza su, Magatakarda ma ba shi da shi. Na san mutum in ya daɗe da barin aiki, yana zaune shi kaɗai, ranaku kan haɗe masa. Ba abin kunya ba ne, shekaru ne. Na karanta wa Mama wurin, ta ce za ta kira Yaya Nas su yi magana.

Ki huta, ki bar mana wannan. Kin yi naki a zamaninki.

Ɗanki.

*

Alhamis, mako na biyu

Sarkin Sauri,

Lafiyata ƙalau, tunda ka tambaya. Har takardar likita gare ni yanzu, albarkacinka.

Bari in ba ka labarin abin da bakinka ya haifa. Uwarka ta kira 'yata. 'Yata ta iso mini da rana tsaka da kayan aikinta a jiki, idanu jawur, tana kallona kamar an ce mata gobe za a binne ni. Ta buɗe fridji ta shinshina madara. Ta ɗaga murfin tukwane. Ta ce, "Umma, yau wace rana?" Na ce mata ranar da na yi da-na-sanin biya miki makaranta. Wannan amsar ma an rubuta mini ita cikin alamomin rikicewa.

Washegari ta ɗauke ni zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Wani ɗan saurayi mai siririn gemu, na tabbata da ya zo neman canjin aji a zamanina da sai ya yi kwana uku a bakin ƙofata. Ya rage murya yana mini magana kamar mai lallashin jariri. "Mama, yau wace rana ce?" Na faɗa masa rana da kwanan wata da makon zango. Ya ce in zana agogo, na zana masa. Ya ba ni kalmomi uku in riƙe, kujera da lemo da taga, bayan minti biyar ya tambaya, na mayar masa da su, na ƙara masa da cewa igiyar takalminsa ta kwance. Duk da haka ya ce wa 'yata a sa ido, a dawo da ni bayan wata biyu, wai irin wannan abu yakan zo ya tafi.

To, an sa ido. 'Yata ta kwance tukunyar gas ɗina ta saka a but ɗin motarta, wai kada in ɗora abu a wuta in manta. Ni da na riƙe azuzuwa sittin da ɗaya a kaina ba tare da na haɗa malamai biyu a ɗaki ɗaya ba, yau ba a yarda in dafa wa kaina shayi. Abinci a kula ake kawo mini, ya iso ya yi gumi. An ce wa maƙwabciyata ta riƙa ƙwanƙwasa mini ƙofa safe da yamma, matar da ko ranar haihuwar 'ya'yanta sai ta tambaye ni. Yanzu in na sauko bene mai gadi sai ya miƙe ya ce, "Mama, kin san inda za ki?"

Na ji ciwon wannan abin, ba zan ɓoye maka ba. Ritaya ba ta yi mini ciwo haka ba, kai allona sito ma bai yi ba.

Ba ka gane layi ɗaya a wasiƙa ba. Mai hankali sai ya ce, "Gwaggo, me kike nufi?" Kai kuwa da ka ga abin da ya fi ƙarfin kanka, sai ka yanke hukuncin cewa kan mai maganar ne ya taɓu. Na ga irinku da yawa a ofishin nan, da jaka mai kyau da takalmi mai ƙara, babu wanda ya kai zango biyu.

Kada ka ƙara rubuto mini. Ka tambayi manhajarka, ita da ba ta tsufa.

*

Litinin, mako na shida

Gwaggo,

Na san kin ce kada in rubuto. Na kira wayarki sau tara ba ki ɗauka ba. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki karanta wannan har ƙarshe.

Ranar Alhamis malamar sinadarai ta shigo ofis da littafin gwaje-gwajenta. Gwaji goma sha biyu take da shi na 'yan ajin ƙarshe, ɗalibai saba'in da ɗaya, duk ranar Litinin a babban ɗakin gwaji. Ta ce ta jera su a kan kalandar wayarta, ta ga ranakun ba su kai ba. Na ce ba zai yiwu ba. Ta kama yatsana, Gwaggo, a gaban masinja, ta ɗora a kan allon kwamfuta muka ƙirga. Sha ɗaya. Muna cikin haka sanarwa ta fito cewa tunda hutun nan ya faɗa Lahadi, an ba da Litinin ta mako na sha biyu a madadinsa. Goma ke nan. Kuma ba nata kaɗai ba, duk darasin da ke ranar Litinin haka yake, guda tamanin da huɗu.

Manhajar ba ta ƙirga komai. Na ce ta goge, ta goge. Ban taɓa tambayarta nawa suka rage ba, ita kuma ba ta faɗa ba.

Na kawo shawarar a yi ranar Asabar. Ma'aikatan ɗakin gwaji sun ce ba sa zuwa, azuzuwan kuma na ɗaliban ƙarshen mako ne. Na ce a ƙara wa zango mako biyu, aka ce ranar jarrabawa da ta yaye ɗalibai ba sa motsi. Magatakarda bai ɗaga murya ba. Ya ce in kawo mafita a rubuce kafin majalisar jami'a ta zauna a mako na takwas, in ba haka ba in bar makullin ofis wurin sakatariyarsa. Ya ce kuma duk wani canji sai an ba ɗalibai sanarwar mako biyu cif.

Jiya na ɗauko wasiƙarki na sake karantawa. Na ƙirga Laraba, sha uku ce, babu hutu ko ɗaya a kanta. Na fara hango abin da kike nufi, amma ban san yadda ake yinsa ba, ban kuma san wa zai yarda da shi ba. Kuma rana biyu nake nema, Laraba ɗaya ce kawai za ta iya bayarwa.

Batun likita da tukunyar gas, ban yi nufin abin ya kai haka ba.

Ɗanki, in kin yarda.

*

Juma'a, mako na shida

Sarkin Sauri,

Ina lafiya, gwargwadon lafiyar mai cin abincin kula.

Ashe ka iya ƙirga, sai dai an riƙe maka yatsa. Ka gaishe mini da malamar sinadarai. Tun tana ƙaramar malama ita kaɗai ce ke zuwa ta duba allona da littafi a hannu, na san za ta yi nisa.

"Ban yi nufin abin ya kai haka ba." Wannan ba ban haƙuri ba ne, rahoton yanayi ne. Amma yara saba'in da ɗaya ba su yi mini komai ba, don haka buɗe kunnenka.

Sunan abin ranar aro. Ranar da take da rara ita ke ba wadda ta gaza. A sanar cewa rana kaza, duk jami'a za ta bi jadawalin Litinin, da malamai da ɗakuna da sa'o'i, na Laraba kuma su huta a wannan makon. Ba hauka ba ne, doka ce. Majalisar jami'a ta amince da ita shekara ashirin da biyu da suka wuce, ni na rubuta takardar da hannuna. Tana cikin koren fayil, a durowar ƙasa ta kabad ɗin ƙarfen da ka kai sito don ka samu wurin numfashi. Je ka shaƙi ƙurarsa. Durowar tana cijewa, sai ka ɗaga ta sama kaɗan kafin ka ja.

Larabar mako na goma za ka ɗauka. Kada ka taɓa ta takwas ko ta sha biyu, majalisa ke zama, rabin malaman Litinin suna ciki suna gyangyaɗi.

Ta biyu Alhamis ce, wannan ko kai za ka iya ganowa, ita ma sha uku gare ta. Amma Alhamis ba kamar Laraba ba ce. Babban ɗakin gwaji ba naku ba ne ranar Alhamis, ɗaliban koyon jinya ke zuwa daga asibiti su yi amfani da shi, bisa wata tsohuwar yarjejeniya da ba ta cikin kwamfutarka. Alhamis ɗaya tak ce a zango ba sa zuwa. Na san ta. Shugabar makarantarsu za ta iya faɗa maka, in ka rubuta mata yau za ta amsa maka bayan an yaye ɗalibai.

Ranar da tukunyar gas ɗina ta dawo kicin ɗina, ranar zan tuna wace Alhamis ce. Ka san mu tsofaffi, ranaku kan haɗe mana.

*

Laraba, makon hutun tsakiya

Gwaggo,

Na iso gida lafiya, bayana ne kawai bai iso ba tukuna.

Na yi duk abin da ya kamata. Na samo koren fayil, bayan na yi awa biyu a sito ina atishawa. Na zaunar da Mama na karanta mata takardar majalisa, na ce mata ni ne ban gane ba, ba ke kika rikice ba. Ta ce dama ita ta yi mamaki. Na hau mota awa biyar na zo na samu Yaya Nas a wurin aikinta, na faɗa mata haka a gaban abokan aikinta, ta zage ni tas, na tsaya na saurara. Na ɗauki tukunyar nan a kafaɗa na hau da ita bene hawa uku, kina tsaye a sama kina ce mini in yi a hankali kada in goge fentin bango. Na ɗaura ta, na kunna, kin dafa shayi kofi ɗaya kin sha ina kallo.

Da na ce, "Gwaggo, Alhamis ɗin fa?" sai kika ce maganar aiki a takarda ake yinta, in koma gida in rubuto. Kika rufe ƙofa.

To ga shi na rubuto. Majalisa za ta zauna Laraba mai zuwa. Na ƙi jinin roƙo, kin kuma sani, amma ina roƙonki. Kuma abin da ban iya faɗa a bakin ƙofa ba: na raina ki, na raina aikinki, na jawo miki wulaƙanci a gidanki. Ki yafe mini.

Ɗanki.

*

Asabar, makon hutun tsakiya

Sarkin Sauri,

Shayi ya yi daɗi.

Alhamis ta mako na sha ɗaya. A wancan makon ɗaliban jinya suna ɗakunan marasa lafiya ana gwada su, ɗakin gwaji fayau yake. Ka je da ƙafarka ka faɗa wa babban ma'aikacin ɗakin, mai sanƙon nan, kada ka tura masa saƙo a waya, ba ya karantawa. Akwai malamai uku da ke zuwa daga waje ranar Litinin kaɗai, su ma ka neme su ɗaya bayan ɗaya. In sanarwar ta fito ka aiko mini da kwafi mai hatimi.

Yafiya kuma ina duba ta. Ni mako shida nake ɗauka.

*

Lahadi, mako na sha uku

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa da wutar kicin duk suna aiki. Kwafin sanarwa na san ya iso tun tuni, Yaya Nas ta faɗa mini. Na jira komai ya kammala ne kafin in rubuto.

Ranar majalisa na miƙe a gaban mutum arba'in na ce ina neman izini Larabar mako na goma ta zama Litinin. Ɗakin ya fashe da dariya. Wani sabon farfesa ya juya wurin na kusa da shi, bai ko rage murya ba, ya ce, "Yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa?" Minti biyu kawai aka yi mini wannan kallon kafin in buɗe koren fayil, amma na san ke makonni kika yi ana yi miki shi. Wani tsohon shugaban tsangaya ya karɓi takardar, ya ga rubutun hannun, ya ce, "Ai na matar nan ne mai allo. Ku sa hannu kawai, ba ta kuskure."

Manhajar ba ta san ranar aro ba, babu maɓallinta. Sai da na goge darussan Laraba da na Alhamis na waɗannan ranakun, na shigar da na Litinin tamanin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, ina duba ɗaki da sa'a da fensir a hannu. Kwana tara na yi. Ranakun biyu sun wuce lafiya, malami ɗaya ne kawai ya shiga ajin da ba nasa ba ya yi minti ashirin yana koyarwa kafin ya lura. Gobe malamar sinadarai za ta yi gwaji na sha ɗaya, na sha biyu kuma Litinin ta ƙarshe.

Shekaranjiya Magatakarda ya sa hannu. An tabbatar da ni.

Na dawo da kabad ɗin ofis. Allon bai shiga ba, ƙusoshinsa sun yi tsatsa.

Ɗanki.

*

Alhamis, mako na sha uku

Ɗana,

Lafiya lau. Na ji an tabbatar da kai, Allah ya sa alheri. Kwana tara a aikin wuni biyu, Sarkin Sauri ya zama sarkin rarrafe. Tsatsar ƙusa kuma da ɗan mai ake goge ta, ba uzuri ba ce. Zango mai zuwa Juma'a ce za ta ba ka wahala, ka fara ƙirga tun yanzu.

Ba ka tambayi abin da na yi da kwafin sanarwar ba. Ka tuna likita ya ce a dawo da ni bayan wata biyu. An ba ni ranar Talata, na sa 'yata ta canza mini zuwa Larabar mako na goma, na ce mata ina da wanki.

Muka shiga. Ɗan gemun nan ya rage murya ya ce, "Mama, yau wace rana ce?" Na ce masa Litinin. 'Yata ta dafe kai. Shi kuma ya jawo biro yana gyaɗa kai, har da ɗan murmushin wanda hasashensa ya tabbata. Na bar shi ya rubuta layi ɗaya. Sannan na buɗe jaka na shimfiɗa masa takardar a kan tebur, da hatimin jami'a, da sa hannun Magatakarda, da naka a ƙasa.

Sau biyu ya karanta ta. Ya soke abin da ya rubuta, ya rufe fayil ɗina, ya ce ba sai na sake dawowa ba.

Gwaggonka.